Idan Na'urar GPS Tana Shanye Batir: Yadda Nake Bin Sawun Matsalar

Ran wata Laraba cikin watan Agusta, damina ta kankama, ɗan yayata ya iso mini gida a Gadarif, a gabashin Sudan, bayan la'asar, ƙafafunsa duk baƙar laka. Ko zama bai yi ba ya miƙo mini na'urar GPS ɗinsa ya ce, "Kawu, jihaz ɗin nan ya mutu. Sababbin batura na sa masa da safe, kafin azahar ya ɗauke. Gobe zan kai shi kasuwa a buɗe a duba." Na ce masa, "Zauna ka sha ruwa tukuna, ɗana. Kada kowa ya sa masa sukudireba sai mun gama da shi ni da kai."

Dole hankalinsa ya tashi. Gona yake aunawa a wajen Doka, inda 'yan ƙwadago suka gama cirar ciyawa, aikin da a nan ake kira kadib, kuma da faddan, wato ma'aunin faɗin gona, ake biyansu. Mai gona ya ce arba'in ne, su sun ce hamsin. Shi aka kira ya raba gardama, yana tsakiyar kewaya gonar allon ya yi duhu. Mutum goma sha wani abu suka kwana ba a sallame su ba saboda batir biyu. Shekara goma sha biyu ke nan ina wannan aiki na awon gonaki, kuma cikin na'urorin da aka kawo mini da sunan sun lalace, 'yan kaɗan ne ƙwarai ke da ciwo a cikinsu. Yawanci laifin na batir ne, ko na saitin da mai na'urar bai san an taɓa ba. Don haka nake fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi, kuma abu ɗaya nake canzawa a kowane gwaji.

Fara da sanin awa nawa ya kamata na'urarka ta yi. Kamfanin Garmin, wanda nasa ne aka fi gani a hannun mutanenmu, ya rubuta cewa eTrex 10, 20 da 30, da ƙannensu irin su 22x da 32x, suna kaiwa awa 25 a kan batir biyu ƙirar AA. GPSMAP 64 kuwa awa 16 aka rubuta mata. Na sha ganin wanda ya saba da eTrex ya sayi 64, ya dawo yana cewa an cuce shi, alhali haka aka ƙera ta. Wannan adadi kuma iyaka ne, da batir mai kyau da fitilar allo a kashe. In ka samu awa 20 daga eTrex, lafiyarta lau.

Mutane da yawa da ƙiyasi suke magana: "ai ba ta daɗewa." Ka auna. Shiga shafin Trip Computer ka share lissafin da ke ciki, ka sa batir, ka ajiye na'urar a kan katanga inda take ganin sama amma rana ba ta dukanta kai tsaye, ka rubuta lokacin a takarda, ka bar ta har ta mutu da kanta. In ka sa wani batir ka kunna, za ka tarar da adadin awannin da ta yi a wannan shafin. Duk gyaran da za ka yi nan gaba, da wannan adadi za ka kwatanta shi.

Sai batir, kuma a nan zan daɗe, domin a nan mafi yawan matsalar take. Na ce wa yaron ya fito da waɗanda ya sa da safe. Ina karɓa na ji ba su da nauyi. Na juya jikinsu, sai ga ƙaramin rubutu: R6. Duk baturan AA tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, kuma mai shago hajjar yake kiransu duka, amma abin da ke cikinsu ya bambanta. R6 shi ne tsohon samfuri na tutiya da gawayi, wanda sau da yawa ake rubuta masa Heavy Duty da manyan haruffa. An yi shi ne domin agogon bango da rimot, abubuwan da ke tsotsar wuta kaɗan kaɗan. In aka ɗora masa na'urar da ke jan wuta ba tsayawa, ba ya ba da ko rabin abin da alkalin ke bayarwa. Alkalin lambarsa LR6. Akwai na litiyam mai lamba FR6, shi ya fi duka daɗewa da jure zafi, sai dai tsada da wuyar samu. Mai caji na NiMH kuma HR6 ne. Wannan ƙaramar lamba nake nema a jikin batir, ba na kula da hoton walƙiya ko na zaki da aka zana masa.

Nauyi ma yana faɗin gaskiya. Alkalin na AA yana kai giram 23, R6 kuwa bai cika wuce 17 ba, kuma hannu yana jin bambancin in ka riƙe su tare. In an rubuta LR6 amma ka ji shi sakayau kamar kara, ajiye wa mai shago kayansa. Na litiyam ne kawai ke da rashin nauyi na gaskiya, wajen giram 15. Duba kuma ranar ƙarewar wa'adinsa, ka kuma lura da inda ake ajiye shi. Batir da ya yi watan Afrilu da Mayu a kan teburin bakin titi, a garin da zafi ke haura digiri 40, ya riga ya zubar da wani kaso na ƙarfinsa tun yana cikin leda. Haka ma wanda ka bari a gaban gilashin boksi, wato motar a-kori-kura, tun safe har la'asar. Nawa a cikin jaka nake ajiye su, a ƙarƙashin kujera, cikin ɗan akwatin roba don kada su haɗu da makulli ko tsabar kuɗi su yi ta zubar da wuta.

Game da masu caji, akwai wata yaudara da ta cika kasuwa. Batir ɗin NiMH na AA na gaskiya yakan kama daga 1900 zuwa wajen 2700 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka. In ka ga an rubuta 3800 ko 4500, ƙarya ce, babu inda za a cusa wannan a cikin jiki mai wannan girma. Na taɓa sayen irinsu guda huɗu a hannun wani mai tebur, na yi musu caji dare guda, ba su kai ni awa uku ba. Tun daga nan na koma kan irin waɗanda ke riƙe cajinsu ko an ajiye su watanni, kamar Eneloop, da aka fara fitarwa a Japan a 2005. Adadin da ke jikinsu ƙarami ne, wajen 1900, amma abin da aka rubuta shi suke bayarwa.

Kada ka haɗa tsoho da sabo, ko iri biyu daban. Baturan biyu a jere suke aiki, wutar ɗaya ta cikin ɗayan take bi, saboda haka mai rauni shi ke yanke wa na'urar lokaci, kuma in ya ƙare mai ƙarfin na ci gaba da tura masa wuta har ya iya yoyo. Ni lamba nake rubuta wa nawa da alƙalamin maka, 1 da 1, 2 da 2, tare ake musu caji, tare suke aiki, tare suke tsufa. Sannan akwai wani batir da nake roƙon kowa ya kiyaye: lambarsa 14500, ana samunsa a cikin wasu tocilan masu caji. Kamarsa ɗaya da AA, amma volt 3.7 yake bayarwa maimakon 1.5. Biyu daga cikinsa na iya ƙona na'urar nan take.

Da muka gama da batir, sai na shiga saiti. Tasa eTrex 30x ce, ta hannu, ya saye ta wajen wani da ya dawo daga haƙar zinariya a yankin Abu Hamad, kuma duk yadda wancan ya bar ta haka take. Rubutunta na Turanci ne, don haka zan faɗi kalmomin yadda suke a allo. Shiga Setup, sai System, sai Battery Type. Nan ake gaya wa na'urar irin batir da ke cikinta. Ita ba ta ganin batir, ƙarfin wutar kawai take aunawa ta yi hasashen abin da ya rage. Sabon alkalin yana farawa daga wajen volt 1.6 ya riƙa sauka sannu a hankali. NiMH kuwa da ya sauka daga caja yakan nuna 1.4, ya zauna a 1.2 kusan duk tsawon aikinsa. In ka sa NiMH ka bar saitin a kan Alkaline, da na'urar ta ga 1.2 sai ta ɗauka batir ya kusa mutuwa, ta fara kuka, kai kuma ka cire batir mai sauran rabin rai. In litiyam ne a ciki, akasin haka ke faruwa: alamar na nuna a cike har zuwa lokacin da za ta ɗauke ba sallama. Wannan saiti ba ya rage shan wuta, amma yana hana alamar yi maka ƙarya, kuma na ga mutane da dama da iyakar matsalarsu ke nan.

Abin da ya fi komai shan wuta a cikin na'urar shi ne fitilar allo. A tasa na tarar an ƙure hasken, kuma a wurin Backlight Timeout an zaɓi kada ta mutu sam. Wataƙila mai ita na farko da dare yake tafiya a sahara. Na fitar da shi tsakar gida na kashe fitilar gaba ɗaya, na juya allon ya kalli rana na ce, "Karanta mini." Ya karanta tsaf. Allon waɗannan na'urori ba irin na waya ba ne, an yi shi ne ya mayar da hasken rana, don haka iya ƙarfin rana iya fitowar rubutu. Mu da muke aiki a fili daga hantsi zuwa la'asar ba mu da bukatar fitila ko kaɗan. Taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya, ka sauke hasken ƙasa, sannan a Setup, Display, ka mayar da lokacin mutuwarta daƙiƙa 15. Masu GPSMAP 64 suna da ƙarin wani zaɓi a wurin mai suna Battery Save, wanda ke kashe allon baki ɗaya alhali na'urar na ci gaba da aikinta a ciki. In ka kunna shi ka gaya wa duk wanda zai ari na'urar, don kada ya ga duhu ya zaci ta mutu.

Sauran saitunan kowanne ɗan kaɗan yake ci, amma in sun taru suna yin yawa. Na'urar na iya sauraron taurarin ɗan'adam na Amurka kaɗai, wato GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita 20,200, ko ta haɗa da na Rasha da ake kira GLONASS. Huɗu take bukata ta san inda kake. A filayen Gadarif, inda babu dutse babu gini, sama a buɗe ta ko'ina, na Amurka sun isa, don haka a Satellite System nakan zaɓi GPS kawai. In aiki ya kai ni lambunan bakin kogin Rahad, ƙarƙashin itatuwa masu duhu, sai in mayar da na Rasha. WAAS da EGNOS, masu ƙara wa GPS daidaito, an yi su ne domin Arewacin Amurka da Turai, kashe su. Masu GPSMAP 64s su kashe Bluetooth in ba da waya suke haɗawa ba. Taswira kuma ka bar ta a North Up, domin in tana kan Track Up, duk juyawar da ka yi sai ta sake zana allon.

Abu ɗaya ne ba na yarda a taɓa don tattalin batir: yawan ɗigon da na'urar ke ajiyewa a kan sawunka. Wasu sukan rage shi. Mai awon gona kada ya yi haka. Da waɗannan ɗigo ake fitar da kusurwoyin gona, in sun yi nisa da juna sai ta yanke lungu, kuma lungun nan guminsu ne na waɗanda suka sunkuya a cikinsa.

Akwai kuma wutar da ke tafiya a banza ba tare da an yi aikin komai ba. Saƙon taurarin nan raunana ne, ba ya ratsa rufin kwano. In ka shiga rumfa cin fatur, wato karin kumallo, ka bar na'urar a kunne, ko ka jefa ta cikin akwatin mota, tana nan tana laluben sama ba hutawa. Kashe ta. In lambobi kake son kwafewa a littafi a cikin ɗaki, shiga shafin Satellite ka danna menu, akwai zaɓin kashe GPS ɗin a bar maka allon kawai. Maɓallin kunna eTrex kuma a gefe yake, in ka cusa ta cikin jaka tare da tef da kwalbar ruwa, tana iya kunna kanta ta kwana tana ci. A eTrex 30 da 64s, masu ma'aunin nauyin iska, duba Altimeter, sai Pressure Trending: in yana kan Save Always, tana ci gaba da auna iskar ko bayan ka kashe ta. Mayar da shi Save When Power On. A ta yaron nan ma haka na tarar.

Wani lokacin kuma batir bai ƙare ba, haɗuwarsa da ƙarfen ce ke yankewa. Alamar ita ce na'urar ta mutu a kan babur ko a bayan tarakta, ka kunna ta tashi da alamar batir a cike. Buɗe murfin ka girgiza ta kusa da kunne. In baturan na motsi, ƙarafan da ke danne su sun saki. Ɗaga su kaɗan da tsinke, a hankali, don suna karyewa, ko ka naɗe 'yar takarda ka sa tsakanin batir da murfi. In ka ga farin gari kamar kanwa, yoyon alkalin ne. Jiƙa auduga da ruwan lemun tsami kaɗan, ka goge, ka bi da busasshiya, ka bar wurin ya bushe sarai, kuma ka wanke hannu don yana cin fata. Wannan yoyo ya fi samun masu ajiye na'ura da batir a ciki daga ƙarshen girbin dawa har faɗuwar ruwa. Cire su in za ka ajiye ta, wuraren da ka adana ba sa gogewa. Da damina kuma ka riƙa duba robar da ke kewaye da murfin da wadda ke rufe ramin USB. An ƙera na'urar ta jure mita ɗaya na ruwa na minti 30, amma sai in robar nan na da lafiya, babu yashi a kanta.

In duk wannan bai warware ba, nemo mita irin ta masu gyaran rediyo. Ka ɗauki batir huɗu daga kwali ɗaya, biyu ka sa a na'urar ka kashe ta, biyu ka ajiye kusa da ita. Bayan mako guda ka auna duka. In na ciki sun sauka sosai fiye da na waje, wani abu a cikinta na jan wuta tana kashe, galibi danshi ko tsatsa a kan faifan ciki. Wanda ya iya auna abin da take ja tana kunne, ga lissafin da zai kwatanta da shi: batir mai 2000 mAh da zai yi awa 25, kusan 80 mA ke nan. In fitila na kashe ka ga ninki biyu na wannan ko fiye, ciwon na ciki ne. Kafin ka yanke hukunci, haɗa ta da kwamfuta ka kwafe jakar GPX da ke cikin jakar Garmin, nan wurarenka da sawunka suke, ka sabunta manhajarta da Garmin Express in ka samu intanet, sannan a Setup, Reset, ka mayar da saituna yadda suka zo daga kamfani, ka sake gwajin katanga. Sai bayan wannan nake yarda a kai wa mai gyara, domin da zarar an buɗe ta, da wuya ta koma hana ruwa shiga kamar da.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, batir mai kyau ya yi tsada kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, sai na koma kan masu caji kusan gaba ɗaya. Jeri huɗu nake da su, da caja mai kula da kowane batir shi kaɗai, wadda ke karɓar wuta ta USB daga ƙaramin faifan sola. Faifan a rana, caja da batura a inuwa, domin zafi na rage musu kwana. Ka sani eTrex ba ta yi wa baturan cikinta caji ko ka haɗa ta da igiyar USB. Abin da take yi shi ne ta ci daga wutar wajen ta bar na ciki su huta, don haka fawa-bank na iya fitar da kai kunya a daji. In ka haɗa ta shiga yanayin kwamfuta ta ƙi aiki, canza USB Mode zuwa Garmin, za ta tambaye ka ko ta shiga wannan yanayin, ka ce mata a'a. Gwada wannan tun a gida, don wasu fawa-bank ɗin na kashe kansu in abin da ake ja ya yi ƙanƙanta. Duk da haka ba na fita ba tare da alkalin biyu sababbi a cikin ledarsu ba.

A daren nan na ba yaron jeri biyu daga nawa, muka gyara saitin tare, shi ke dannawa ina faɗa masa, don hannunsa ya riƙe. Da asuba ya koma Doka. Ya shiga Area Calculation, ya kewaye gonar a ƙafa, na'urar ta ba shi hekta 19.3. Faddan ɗaya murabba'in mita 4200 ne, wato 0.42 na hekta, ya raba ya samu faddan 46, aka biya mutanen a kan haka kafin azahar. Ran Juma'a ya dawo muka yi gwajin katanga don ya gani da idonsa. Da ragowar R6 ɗinsa da fitila a ƙure kamar yadda take da, awa huɗu da 'yan mintoci ta yi. Da LR6 da sabon saiti, ta haura awa 21. Ya ce, "Kawu, da yanzu an farke ta a kasuwa." Na ba shi ɗan littafi na ce ya rubuta adadin biyu a shafin farko, da kwanan wata da irin batir, ya kuma sake gwajin kafin a fara yankan riɗi a watan Oktoba.